Yadda 7, 11, 15, 19 ke gyara saƙon da ya lalace a hanya

Ga lambobi huɗu da aka aiko maka: 7, 11, 25, 19. Tun kafin a fara aike, mai aikowar ya shaida maka cewa duk abin da zai turo, tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata iri ɗaya ce. Ko ɗan firamare aka nuna wa zai ce 25 baƙuwa ce a nan, 15 ce mai wurin. A dubi abin da yaron ya yi da kyau. Bai tsaya ga cewa akwai kuskure ba, ya nuna inda kuskuren yake, ya kuma gyara shi, duk ba tare da ya koma wurin mai aiken ya tambaya ba.

Irin wannan jeri, wanda ake farawa daga wata lamba a riƙa ƙara adadi ɗaya a kowane taku, yana cikin abubuwan farko da ake koyarwa a darasin lissafi na sakandare, kuma yawanci ana wuce shi ne a matsayin abin jarrabawa. Ni kuwa a ganina ƙwayar irin da ta tsiro da wani babban fanni ce, fannin tsare-tsaren gyaran kuskure, wanda a kansa faifan CD da tambarin QR da hotunan da kumbo ke turowa daga nesa suka dogara.

Babu hanyar da saƙo ke bi wadda ba ta taɓa shi. Wayar tarho tana da ƙara, siginar rediyo tana raunana, faifai yana karcewa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ma takan juya 0 ya koma 1. Maganin da kowa ya sani shi ne maimaitawa. Mai karanto lambar asusu ta waya yakan faɗa sau biyu, wani lokaci sau uku. Sau biyu yana nuna maka an samu saɓani, sau uku yana ba ka damar bin masu rinjaye. Amma tsadarsa a bayyane take: don ka isar da abu ɗaya sai ka biya kuɗin uku. A 1948 Claude Shannon, wani masanin lissafi a ɗakin binciken Bell a Amurka, ya tabbatar da cewa ba dole ne a yi wannan asarar ba. Kowace hanya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma muddin ba a wuce iyakar ba, ana iya rage kuskure zuwa duk ƙanƙantar da ake so. Sai dai hujjar tasa ta nuna cewa irin waɗannan tsare-tsare suna nan ne kawai, ba ta koya wa kowa yadda zai ƙera su ba.

Wanda ya fara ƙerawa abokin aikinsa ne, Richard Hamming, kuma takaici ne ya tura shi. A 1947 yana amfani da wata na'urar lissafi da sai ƙarshen mako yake samun layi a kanta, lokacin da babu ma'aikacin da ke kula da ita. Na'urar tana iya gane cewa an samu kuskure, amma da ta gane sai ta watsar da aikin ta kama na gaba. Ya dawo ranar Litinin ya tarar ba a yi komai ba, ba sau ɗaya ba. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce, na'urar da ta san akwai kuskure, me zai hana ta san inda yake? Ya wallafa amsar a 1950.

Tsarin nasa mafi ƙanƙanta yana da gurbi bakwai, kowane ɗauke da 0 ko 1. Huɗu na saƙo ne, wato gurbi na 3, 5, 6 da 7. Uku kuma 'yan gadi ne, gurbi na 1, 2 da 4. Mai gadi na 1 yana kula da gurbi 1, 3, 5, 7. Na 2 yana kula da 2, 3, 6, 7. Na 4 yana kula da 4, 5, 6, 7. Aikin kowanne shi ne ya tabbata adadin 1 da ke rukuninsa cika ne, ba mara ba. A ce saƙon 1, 0, 1, 1 ne. Abin da za a tura shi ne 0, 1, 1, 0, 0, 1, 1. To a hanya sai gurbi na 6 ya juye ya koma 0. Mai karɓa ya ƙirga: rukunin 1 cika, lafiya. Rukunin 2 mara. Rukunin 4 mara. Ya haɗa 2 da 4, ya samu 6. Masu ƙorafin da kansu suka faɗi sunan mai laifin. Ƙari uku a kan huɗu, maimakon takwas a kan huɗu da maimaitawa za ta ci.

Mu koma kan jerinmu, don a nan ne dalilin ya fi fitowa fili. Saƙon da ke cikin 7, 11, 15, 19 lambobi biyu ne kacal: mafari, 7, da tazara, 4. Da ta hanyar maimaitawa za a kāre su, sai a tura 7, 7, 7, 4, 4, 4, lambobi shida, kuma kuskure ɗaya kawai ake da tabbacin gyarawa, domin idan biyu suka faɗa cikin rukuni ɗaya masu rinjaye sun zama maƙaryata. Jerin ya yi wannan aikin da lambobi huɗu. In kuma aka ba shi shidan, 7, 11, 15, 19, 23, 27, zai gyara kowaɗanne kurakurai biyu, ko a ina suka faɗa.

Sirrin yana cikin wata gaskiya mai sauƙi. Duk lambobi biyu da ka riƙe daga jerin, in ka san matsayinsu, sun isa ka fitar da sauran gaba ɗaya. Ka san ta biyu 11 ce, ta biyar 23 ce, to taku uku sun ƙara 12, tazara 4 ke nan, an gama. Ma'anar wannan ita ce jeri biyu mabambanta ba za su taɓa dacewa a wuri fiye da ɗaya ba, don in sun dace a wuri biyu to jeri ɗaya ne. Saboda haka jeri biyu masu lambobi huɗu-huɗu dole su saɓa a wuri uku aƙalla. Masana suna kiran wannan nisan da ke tsakanin saƙonni. Kuskure ɗaya yana matsar da saƙo taku ɗaya daga na gaskiya, amma har yanzu saura taku biyu aƙalla kafin ya kai ga wani halastaccen saƙon. Mai karɓa sai ya mayar da shi gidan da ya fi kusa. In nisan biyar ne, kurakurai biyu ba za su fitar da shi daga unguwarsu ba. Duk fannin, in an tace shi, neman hanyar zaunar da saƙonni masu yawa ne nesa da juna a cikin fili ƙarami.

Akwai bambanci tsakanin lambar da ta lalace ba ka sani ba da wadda ta ɓace ka san gurbinta. Ta biyun ta fi sauƙi ninki biyu. A jerin shidan nan, ko huɗu sun goge, biyun da suka rage za su dawo da su.

Idan saƙon lambobi uku ne fa? Sai a hau mataki ɗaya. A dubi 1, 4, 9, 16, 25. Tazarar ba iri ɗaya ba ce, 3, 5, 7, 9 ce, amma ita tazarar kanta tana tafiya da tazara iri ɗaya, wato 2. Irin wannan jeri lambobi uku ne ke tsayar da shi. A ƙara hawa, a samu wanda huɗu ke tsayar da shi, haka har inda ake so. Ƙa'idar ba ta canzawa: duk lambobi biyu da aka ƙara a kan ainihin saƙo suna sayen gyaran kuskure ɗaya. Wannan shi ne tunanin da Irving Reed da Gustave Solomon, ma'aikatan ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT, suka wallafa a 1960 cikin takarda mai shafi biyar. A 1964 kuma Richard Singleton ya nuna iyakar nisan da kowane tsari zai iya samu da adadin ƙarin da aka ba shi, kuma tsarin Reed da Solomon yana zaune daidai a kan iyakar nan.

Amma akwai matsalar da mai karatu mai lura zai riga ya hango. Lambobin suna girma. Kwamfuta tana ajiye bayani a ƙananan gurabe, kowanne yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, ba ta da wurin 16,000 a gurbi ɗaya. Mafita ita ce lissafin da ke zagayowa, irin na kwanakin mako: yau Laraba, in ka ƙara kwana goma ba ka fita daga mako ba, Asabar ka sauka. Ana raba lamba da wani adadi a riƙe ragowar kawai.

Sai dai ba kowane adadi ne ke karɓar wannan aiki ba, kuma wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa. A gwada da 12, irin na agogo. Jerin da ya fara daga 0 da tazara 1 shi ne 0, 1, 2, 3, 4. Wanda ya fara daga 0 da tazara 7 kuwa, in ana zubar da 12 duk lokacin da aka kai ta, shi ne 0, 7, 2, 9, 4. Ga jeri biyu mabambanta sun dace a wuri uku. Ginshiƙin da muka dogara a kansa ya karye. Dalili shi ne 2 sau 6 ya ba da 12, wadda a agogo sifili ce, wato abubuwa biyu da ba sifili ba sun haifi sifili. Da 7 ko 11 ko 13 haka ba ta faruwa, domin ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1. To ita 256 ai tana rabuwa da 2. A nan ne aka ɗauko aikin Évariste Galois, matashin Bafaranshe da ya rasu a 1832 yana da shekara 20 bayan an harbe shi a wani fito-na-fito. Daga aikinsa aka san yadda za a shirya wa abubuwa 256 sabuwar ƙa'idar tarawa da ninkawa wadda a cikinta abubuwa biyu ba sa haifar sifili sai in ɗayansu sifili ne. Fiye da shekara ɗari da ashirin wannan ilimi ya yi yana jira kafin masu ƙera na'urori su zo nemansa.

Jerin mai tazara ɗaya yana ɓullowa ta wata ƙofar kuma, a bayan littattafai. Tsohuwar lambar shaidar littafi, ISBN, mai gurbi goma tana da 'yar gadi a ƙarshe. Ana ninka lambar farko da 10, ta biyu da 9, ta uku da 8, har a sauka kan 1, sannan a tara. Dole jimillar ta rabu da 11. A ɗauki 0306406152: jimillarta 132, wato 11 sau 12. In mai bugawa ya yi saurin hannu ya musanya 6 da 1 da ke maƙwabtaka, jimillar ta koma 127, an kama shi. Kuma ba sa'a ba ce. Tunda ma'aunan duk sun bambanta, musanya lambobi biyu yana canza jimilla da bambancin lambobin sau bambancin ma'aunansu, kuma dukansu biyu ba su kai 11 ba, don haka sakamakon ba zai rabu da 11 ba. Farashin da aka biya shi ne wani lokaci 'yar gadin takan zama 10, shi ya sa ake ganin X a ƙarshen lambar wasu tsofaffin littattafai. Da aka koma gurbi 13 a 2007, ma'aunan suka zama 1 da 3 suna karɓa-karɓa, ana raba jimilla da 10, sai aka rasa wani abu: musanya maƙwabta biyu da bambancinsu 5 ne, kamar 1 da 6, yana wucewa ba a gani ba.

Lambar asusun banki mai gurbi goma da ake amfani da ita a Najeriya, NUBAN, wadda Babban Bankin ƙasar ya fito da tsarinta a 2010, ita ma lambarta ta ƙarshe 'yar gadi ce. Ana lissafa ta daga lambar bankin da sauran tara, da ma'aunai 3, 7, 3 da ke maimaituwa, a raba da 10. Tana kama duk kuskuren da ya shafi lamba ɗaya tak. Amma a jerin 3, 7, 3, 3, 7, 3 akwai wuraren da 3 ke kusa da 3, kuma duk lambobi biyu da aka musanya a irin wannan wuri jimillar ba ta motsawa. Inda 3 ke kusa da 7 ma, in bambancin lambobin 5 ne, canjin 20 ne, ya rabu da 10, ya wuce. Shi ya sa duba sunan da ya fito kafin a danna tura kuɗi wajibi ne. 'Yar gadin tana taimakawa amma ba ta rufe kowace kafa ba.

'Yar gadi ɗaya tana ganin kuskure ne kawai. A ƙara ta biyu, sai a samu gyara. A ce gurabe goma ne, an shirya su yadda jimillarsu zalla za ta rabu da 11, jimillar da aka auna da 1, 2, 3 har 10 ita ma ta rabu da 11. Kuskure ya faɗa wuri ɗaya. Ragowar jimillar farko tana faɗa maka girman kuskuren, a ce 3. Ragowar ta biyu ita ce girman sau matsayin, a ce 7. Wane matsayi ne in an ninka shi da 3 zai bar ragowar 7? Shida, don 18 in an cire 11 saura 7. Sai a je gurbi na 6 a rage 3. In ana son gyara biyu, sai a ƙara jimillar da aka auna da matsayi sau kansa, 1, 4, 9, 16, da wadda aka auna da matsayi sau kansa sau kansa, 1, 8, 27, 64. Matakan ninkawar su ne 0, 1, 2, 3, kuma jerin mai tazara ɗaya ne ya sake fitowa. Wannan jeruwar ba tare da tsallake ba ita ce ke ba da tabbacin nisan. A kan irin wannan tunani Alexis Hocquenghem a Faransa a 1959, da Raj Chandra Bose da Dwijendra Ray-Chaudhuri, 'yan asalin Indiya, a 1960, suka gina tsare-tsaren da ake kira BCH, daga haruffan farko na sunayensu.

Sanin cewa ana iya gyara daban, yin gyaran da sauri daban. Da lambobi huɗu ido ya isa. Da 255 kuwa, gwada kowane rukuni don a ga wanda ya dace aiki ne da babu na'urar da za ta gama shi. Wannan ne ya sa tsarin Reed da Solomon ya yi shekaru a takarda, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da Elwyn Berlekamp da James Massey suka samar da gajeriyar hanyar gano wuraren kuskure daga ragowar jimillolin.

Daga nan sai aiki ya buɗe. Kumbon Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977 sun turo bayanan kimiyya daga duniyoyin Jufita da Satan da tsarin Marcel Golay na 1949, wanda ke ɗora ƙwayoyi 12 na gadi a kan 12 na saƙo, kowace ƙwaya 0 ko 1, ya gyara kurakurai uku. Rabin abin da ake turowa ke nan gadi ne. Da Voyager 2 ya isa Yuranus a 1986, nisa ya ƙaru, sigina ta yi rauni, sai aka koma ga tsarin Reed da Solomon: gurabe 223 na saƙo, 32 na gadi, yana gyara 16 da suka lalace a cikin 255. Ƙa'idar nan ce ta ɗazu, biyu a kan kowane kuskure ɗaya.

Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 ya zo da wata matsalar. Karce ba ya ɓata gurabe ɗai-ɗai a warwatse, yana share dogon layi ne a jere. Dabarar da aka yi ita ce kada a ajiye 'yan gida ɗaya kusa da juna. Ana warwatsa gurabe na kowane rukuni a faɗin hanya, ta yadda karce ɗaya zai ɗan taɓa rukunoni da yawa maimakon ya kashe ɗaya. Da haka faifan ke jure gogewar da ta kai kusan milimita biyu da rabi a tsawon layin waƙa. Wannan ne dalilin da ake cewa a goge faifai daga tsakiya zuwa baki: karcen da ya ratsa layuka kaɗan yake ci daga kowanne, wanda ya bi zagaye kuwa layi ɗaya yake bi yana cinyewa.

Wayoyin zamani sun koma ga wasu tsare-tsaren da suka fi matsawa kusa da iyakar Shannon, irin wanda Robert Gallager ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960 aka yi watsi da shi kusan shekara talatin, da wanda Erdal Arıkan na Turkiyya ya fito da shi, dukansu suna cikin tsarin 5G. Ba su kori na Reed da Solomon ba, musamman inda saƙo gajere ne kuma ana son tabbaci.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba, shi ne abin da ke faruwa idan kuskure ya wuce ƙarfin tsarin. A koma kan 7, 11, 15, 19, a ce biyu sun lalace, aka karɓi 7, 12, 17, 19. Mai karɓa zai ga 7, 12, 17 suna tafiya da tazara 5, sai ya yanke cewa 19 ce ta ɓaci, ya mayar da ita 22, hankalinsa kwance. Ya ɓata lafiyayyar ya bar masu ciwon. Wannan ya fi rashin gyara muni, don babu alamar da za ta nuna an yi ɓarna. Saboda haka masu tsara irin waɗannan abubuwa sukan ɗora wata 'yar gadin daban a kan saƙon gaba ɗaya, ko su hana tsarin amfani da dukan ƙarfinsa wajen gyara, a bar wani kaso don ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina.

Tambarin QR, wanda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, yana bai wa mai ƙera shi zaɓin matakai huɗu: ya jure lalacewar kusan kashi 7, ko 15, ko 25, ko 30 cikin ɗari na bayanin. Mafi ƙarfin ya fi cin wuri, ɗigoginsa sun fi yawa. Hoton kamfani da ake liƙawa a tsakiyar tambarin kuwa ba wani gurbi aka ware masa ba. An rufe bayani ne da gangan, aka bar lissafin Reed da Solomon ya cike giɓin duk lokacin da waya ta duba. Duk abin da hoton ya rufe an cire shi ne daga wannan kason, don haka tambari mai babban hoto a tsakiya, in ya sha rana ko gefensa ya yage, ya kan daina karantuwa tun kafin wanda aka bari fili.